Tambulan Na Shida

Ƙarfe uku da rabi na yamma ne, amma gari ya riga ya yi duhu, kamar yadda ya saba a watan Nuwamba. Dusar ƙanƙara tana sauka jiƙe-jiƙe, irin wadda ba ta kwanciya a ƙasa. Da ta taɓa manyan tagogin filin jirgin saman Helsinki sai ta narke ta gangaro.

Aulis Hirvikoski yana zaune a kan benci, can gaba kaɗan da wurin da ake binciken kaya. Jakarsa a buɗe tsakanin ƙafafunsa, safar ulu a hannunsa. Bai leƙa cikin safar ba, don babu bukata. Ya girgiza ta sau ɗaya a hankali, ya ji abin da ke ciki yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Shekararsa saba'in da ɗaya. Arba'in daga ciki a injin tsaga katako na ƙauyensu ya yi su, kuma bai taɓa hawa jirgin da zai wuce awa biyu a sama ba. Yau Osaka za shi, a ƙasar Japan, wurin 'yarsa Kaisu, wadda ta yi aure can. Abin da ya ɗauko shi daga gida kuwa, shi ne yanzu yake ƙara a cikin safa.

Tambulan ne na gilashi, kore irin na gansakuka, mai kaurin gindi. Guda shida aka ba su ranar aurensa da Vuokko. Tun daga ranar Vuokko ba ta yarda an sa su a injin wanke-wanke ba, kuma ba ta yarda an ɓare ɗan jan tambarin nan da kamfanin yake liƙawa kusa da baki ba. Mutanenmu dai kashi biyu ne a kan wannan. Akwai masu ɓarewa da an shigo gida, akwai masu barinsa har abada, kuma ba a taɓa sasanta su ba. Vuokko tana cikin masu bari. Da hannu take wanke su, ruwa mai ɗumi-ɗumi, babban yatsanta a kan tambarin don kada ruwa ya ci shi.

Ɗai-ɗai ta riƙa ba Kaisu. Na farko ranar bikin tabbatar da bangaskiyarta a coci. Na biyu ranar da ta sa farar hular gama sakandare. Sai na ranar tafiyarta Japan, da na aurenta da Takumi, da na haihuwar 'yarta Hilla. Na shida ya daɗe shi kaɗai a kabad. Vuokko ta ce wannan sai ranar da Kaisu ta shiga gidan kanta, ba na haya ba. To, Kaisu da mijinta sun shiga gidansu a watan jiya. Vuokko kuwa ta rasu tun farkon bazara. Kwana uku kafin nan ta sa ya matso kusa da gadon, ta ce masa da hannunsa zai kai, kada ya kuskura ya ba gidan waya.

Ya kuwa yi tanadi. Ya sa tambulan a safar da ita Vuokkon ta saƙa masa, ya sa wannan a cikin ɗayar, ya kwantar a tsakiyar jaka tsakanin riguna. Sai dai ba a zuwa wurin na nesa hannu biyu. Ya sa baƙin burodi uku, ya sa alewar nan mai gishiri da Kaisu take so, ya sa gahawa ƙunshi huɗu, irin wadda aka zuƙe wa iska ta yi tauri kamar bulo. Maƙwabcinsa Reino ya ƙaro biyu da safe, ya ce a gaya wa yarinyar daga gare shi ne. A wurin bincike aka ce ya fito da gahawar a duba. Aka duba, aka ce ya mayar. Da ya waiga ya ga mutum kusan goma suna tsaye a bayansa, kowa yana kallon takalminsa. Aulis kuwa gara a mare shi da a ce ya tsare wa mutane layi. Ya tura bulon gahawar duk inda hannunsa ya kai, zif ya ƙi rufuwa, ya ɗora gwiwa ya danna.

Ƙarar ba ta da yawa. Shi kaɗai ya ji ta.

Ya daɗe a bencin. Allon da ke sama ya nuna saura awa ɗaya da 'yan mintuna a fara shiga jirgi. Ya ciro wayarsa, ya ga saƙon Kaisu na safe, hoton kabad ɗinta na sabon gida, tambulan biyar a jere, an bar gurbi ɗaya a gefe. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba sai lambar jirginsa da lokacin sauka. Ya mayar da wayar aljihu, ya rufe jaka, wannan karon ba tare da gwiwa ba, ya miƙe.

Shagon ba shi da wuyar samu. Haskensa ya fi na sauran. Faranti ne jere, farare da masu zane, da kwanuka, da mazubin fure masu lanƙwasa kamar bakin tafki, da 'yan tsuntsayen gilashi da aka ɗora a kan katako fari. Matafiya sun cika shi, yawanci masu komawa Japan da Koriya, kowa da kwando, suna ɗaga abu su juya gindinsa su karanta. Aulis ya rungume jakarsa a ƙirji ya shiga a karkace, don kada gwiwar hannunsa ta sake yin wata ɓarnar.

Ya ga tambulan a can ciki. Siffar ita ce, ba ta sake ba. Akwai fari tas, akwai ruwan toka, akwai shuɗi, akwai kore. Ya tsaya a gaban koren yana kallo bai taɓa ba.

"Ba ya cizo, Baba. Ɗauka ka gani."

Wata mata ce daga cikin masu shagon, gajera, gashinta ya fara furfura, tabarau rataye a wuya. An rubuta Tellervo a ƙirjin rigarta. Daga jin maganarta mutuniyar yankin Savo ce, su kuwa ba su iya ba ka magana a miƙe ba sai sun lanƙwasa ta.

"Ban haife ki ba," in ji Aulis.

"To, Yaya. Kyauta ce ko na gida?"

Ya ciro safar daga aljihun kwat ya ajiye a kan teburin da ake naɗe kaya. Tellervo ta ji ƙarar, ta dube shi, ba ta ƙara wani wasa ba. Ta shimfiɗa farar takarda, ta kama safar ta baya ta zazzage a hankali. Gindin ya fito lafiya lau, da kaurinsa. Sauran ya rabu gida biyar ko shida, ban da ɓarɓashi. A jikin ɓalli ɗaya, mai faɗin yatsu biyu, ɗan jan tambarin yana nan.

Ta tambaye shi me ya hau kansa. Ya ce gahawa. Ta tambaya ƙunshi nawa, ya ce shida. Ta gyaɗa kai, ta ce shi ne na uku a wannan watan, kuma duk mutanenmu ne, ba ta taɓa ganin baƙo ya fasa gilashi da gahawa ba.

Daga nan ya ba ta labarin, a gajarce, idonsa a kan takardar. Shi ba mai magana ba ne. Ko a jana'izar Vuokko kalmomin da ya faɗa ba su kai ashirin ba. Amma ya fi sauƙi ka gaya wa wanda ba za ka sake gani ba. Tellervo tana ji tana miƙa wa abokiyar aikinta wani kwando da aka kawo biya, ta yi mata alama da ido ta karɓi layin.

Ta ɗauko koren na shago ta ajiye kusa da fasasshen gindin a kan farar takardar. A kan kanta da farko kamar ɗaya suke. A kan takarda kuwa sai bambancin ya fito. Sabon ya fi haske kaɗan, kamar ganyen da bai gama nuna ba. Ta ce wancan koren an daina yinsa da daɗewa, sai dai a shagunan tsofaffin kaya in an yi sa'a, a nemi sati biyu ko wata biyu. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma tun da ga shi a ranar tafiyar, wannan shi ne mafi kusa.

Aulis ya ɗauki sabon ya jujjuya. Babu tambari a jikinsa. Ya tambaya, ta ce yanzu ba a liƙawa.

Sai ya sa yatsa ya turo ɓallin nan mai tambari zuwa gabanta. Ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, ko za ta iya ɗaga wannan ta mayar a kan sabon. Ya ce hannunsa ba zai iya ba, yatsun sun yi kauri, biyu ma injin katako ya rage musu tsawo. Ya ce Kaisu ba za ta jera su a kan farar takarda ba. Tambarin za ta duba, in ta gan shi shi ke nan.

"Kana so ta ɗauka na mahaifiyarta ne."

"Ina so kada ta rasa uwa da tambulan a shekara ɗaya."

Tellervo ta sa tabarau, ta ɗauki ɓallin ta gefen da ba ya yanka, ta kai shi ƙarƙashin fitila. Ta sa farce a gefen tambarin kamar za ta gwada ɗagawa. Sai ta tsaya. Ta karkata shi, ta sake dubawa, ta ɗan kankara da farce.

"Yaya, wace shekara ka ce kuka yi aure?"

Ya gaya mata. Ta lissafa da leɓɓanta. Ta ce ita shekara talatin da biyu tana sayar da gilashi, ta fara a wani shago a garin Kuopio tun tana da gashi baƙi, kuma in akwai abin da ta sani a duniya to waɗannan 'yan tambarin ne. Na zamanin aurensu takarda ne, da wani ɗan rubutu a ƙasa. Takarda kuwa, komai lallaɓawa, in ta sha wanki shekara arba'in sai ta koɗe ta koma kamar ɓawon albasa. Wannan roba ne, ga shi har yanzu yana sheƙi. Irin wannan sai bayan aurensu da shekara goma sha wani abu aka fara su. Tana nan aka sauya.

Aulis ya ce ba zai yiwu ba. Shida aka ba su, ƙanwar mahaifiyar Vuokko ce ta kawo a kwali ɗaya, shi ya buɗe kwalin.

"Na yarda shida aka ba ku," in ji Tellervo. "Wannan dai ba ya cikinsu. Duba hoton da ka ce an turo maka."

Ya ciro wayar, ta nuna masa yadda ake buɗe hoto da yatsu biyu. Ga su biyar. Tambarin kowanne ya koɗe, ya zama ruwan hoda, gefensa ya cinye. Ya dubi na kan tebur. Ja wur.

Shekara nawa yana buɗe kabad ɗin gidansa yana ɗaukar kofin gahawarsa, bai taɓa lura ba.

Ya jingina da teburin. Aka yi sanarwa a lasifika, ba ta jirginsa ba. Wata budurwa ta zo wucewa da kwandon faranti, ya matsa mata ba tare da ya sani ba. Can sai wani abu ya fara dawo masa, a hankali, kamar yadda ƙafa take dawowa in an fito daga sanyi.

Wata shekara ce, sati ɗaya bayan bikin tsakiyar bazara. Kaisu tana da shekara bakwai ko takwas. Vuokko ta tashi da safe ta ce haƙori yana damunta, za ta hau bas zuwa birnin Hämeenlinna. Ya yi mamaki, don Vuokko tana tsoron likitan haƙori fiye da yadda take tsoron kankarar tafki in ta fara narkewa. Ya ce zai kai ta a mota, ta ƙi. Da yamma ta dawo da jakarta a rungume, ta wuce kicin kai tsaye. A wannan daren ya gan ta tana taunar busasshen burodi ta ɓangaren da ta ce yana ciwo. Har ya ce lallai likitan nan ya iya aiki. Ta ce sosai ma.

Ita kuwa Kaisu, duk wannan satin ba a ji muryarta ba. Ta shanye miyar wake ranar Alhamis ba tare da an yi faɗa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Kuma akwai filasta a yatsanta. An ce masa wai ƙaya ce ta soke ta a bayan ɗakin sauna, inda suke wankan tururi.

Aulis ya ji wani abu ya taso masa daga ciki. Ya ɗauka kuka ne, ya dafe baki. Ashe dariya ce. Ba ta fito da ƙarfi ba, kafaɗunsa ne kawai suka riƙa motsi, idonsa ya kawo ruwa.

"Ƙaya," ya ce. "Wai ƙaya."

Ya ba Tellervo wannan ma. Ta cire tabarau tana dariya, ta ce ai kullum haka ne, mai gida shi ne na ƙarshen jin labarin gidansa. Ta ce da alama shi ya sa marigayiyar ta bar wannan a ƙarshe, tana jiran yarinyar ta girma ta isa a yi dariyar abin.

Ya goge ido da bayan hannu. Ya dubi ɓallin, ya dubi sabon tambulan. Tellervo ta ce in har yanzu yana so, za ta gwada ɗaga tambarin, roba ba ta yagewa da sauƙi.

"Bar shi," in ji Aulis. "Kaisu ta fasa na farko, ni na fasa wanda uwarta ta sayo a madadinsa. Mun yi canjaras. Zan gaya mata."

"A filin jirgi ko sai an ci abinci?"

"Sai na ba ta gahawar tukuna. Ta san da wa za ta yi faɗa."

Da aka zo biya sai wata matsala ta taso. Ba a sayar da tambulan ɗaya, bibbiyu suke a kwali. Aulis ya ce shi ɗaya yake bukata, gurbi ɗaya aka bari. Tellervo ta ce ba ta da ikon raba su, kuma mutumin da yake rufe jaka da gwiwa bai kamata ya raina na ajiya ba. Ya yi tunani kaɗan. Ya tuna kabad ɗin gida, da zagayen da gindin tambulan ya bari a kan takardar shimfiɗa, babu komai a kai tun jiya. Ya ce to, a bar su biyun. Ɗaya zai dawo da shi.

Ta naɗe kowanne da takarda mai laushi, ta ƙara da ledar nan mai ƙuraje, ta mayar cikin kwali, ta ɗaure. Ta sa kwalin a jakar takarda mai hannu, ta ce wannan a hannunsa za ta zauna, in ya shiga jirgi ya sa ta ƙarƙashin kujerar gabansa, kada ta haɗa hanya da gahawar Reino ko da gaisuwa ce. Ta tambaya yaya za a yi da fasassun. Ya dube su sau ɗaya, ya ce ta zubar, ba ya so su yanki wani. Safar dai yake so.

Ta juya baya ta kakkaɓe safar a kwandon shara, ta juya cikinsu waje, ta bi su da abin cire gashi daga tufafi. Ta ce kada ya sa su a ƙafa sai an wanke sau biyu. Yana ta fama da aljihunsa yana neman fasfo, wanda ya tabbata a na hagu ya sa, sai ga shi a na dama. Kafin ya ɗago ta dunƙule safar wuri ɗaya ta tura masa a aljihun kwat. Lasifika ta kira Osaka. Wani mutum da matarsa suka ajiye tsuntsayen gilashi uku a kan teburin, Tellervo ta juya gare su.

Aulis ya ɗaga jakar takardar kaɗan, alamar sallama. Ba ta gani ba.

Ƙofar jirgin tana da nisa. Ya wuce wurin duba fasfo, ya bi doguwar hanya, jakar baya a kafaɗa, ta takarda a gabansa kamar mai ɗauke da miya a kwano. A waje dusar ta fara kwanciya a kan fikafikan jirage, wata mota tana fesa musu ruwa. Ya shiga layi. Wannan karon ya ciro fasfo da tikiti tun da wuri, don kada ya tsare kowa.

Da ya mayar da hannu aljihu sai ya ji wani abu mai tauri a cikin dunƙulen safar. Ya ɗauka sauran gilashi ne da bai fita ba. Ya ajiye jakar takardar tsakanin ƙafafunsa, ya warware a hankali.

Ɓallin nan ne mai tambari. An bi gefensa kaf da farin salatif, ninki biyu, ko jariri ya riƙe ba zai yanke shi ba. An bar tsakiyar a buɗe, koren gansakuka da ɗan jan nan a kai.

Ya waiga. Daga nan ba a hango shagon, sai mutane da jakunkuna. Layi ya motsa, na bayansa ya yi gyaran murya. Aulis ya mayar da ɓallin cikin safa, ya sa a aljihun ƙirji, ya ɗauki jakarsa ya matsa gaba.